Na'Allah da Mazaunin Batir

Kowace safiya, kafin a kaɗo shanu kasuwar Dakoro, Na'Allah makanike ya riga ya zube spanoninsa ƙarƙashin aduwa yana ƙwanƙwasa motocin da suka kwana gareji. Ba ya yarda da maganar direba, ba ya yarda da ta mai mota. Ka ce masa lafiya lau take, sai ya ce, "Ita ta faɗa maka?" Tun zamanin Nasara haka yake, da aka samu mulkin kai ma bai sake hali ba. Bana idanunsa sun yi rauni zai ajiye guduma, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Waɗanda suka gani suna ba da labarin motar kayan Elhaji Cindo, mai kai gero Korahane. Kullum sai ta mutu a hanya. Elhaji ya yanke cewa direbansa, Rhissa, ya sayar da sabon batir ya sa tsoho. Kasuwa duk ta ɗauka, har mata suka daina gaida matar Rhissa a bakin rijiya. Saura a kai shi wurin jandarma.

Na'Allah, da bai taɓa yarda da kowa ba, bai yarda da wannan ba ma. Ya ɗaga kujerar motar, ya ciro batir daga ƙarƙashinta, ya sunsuna.

"Elhaji, batir ɗinka ne. Mazauninsa ne ya ruɓe. Ruwan batir ya cinye ƙarfen, in an shiga gargada sai ya yi ta tsalle, waya ta kuɓuce."

"Kun haɗa baki ke nan," in ji Elhaji. "Mi ya ba ka?"

"Miƙo yatsanka."

Elhaji ya danna mazaunin batir, yatsan ya wuce ta ciki, tsatsa ta zube ƙasa. Rhissa ya juya baya yana goge ido da bakin rawani.

Ranar Na'Allah ya yanko gindin tsohon duro, ya daka, ya lanƙwasa gefensa, ya shafe da kwalta, ya ɗaure batir tamau. Aikin hannunsa ma bai yarda da shi ba, sai da ya bi motar har Adjekoria, yana sa a tsaya yana leƙawa. Elhaji bai taɓa ba da haƙuri ba, amma bai kori Rhissa ba.

Baba Na'Allah, kai ne mai zargin ƙarfe kafin ka zargi mutum. Mun sha yi maka dariya, mun kira ka Sarkin Shakka, alhali shakkarka ce ta hana a ɗaure marar laifi.

Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku kuma matasan gareji, da mu masu saurin yanke hukunci a kasuwa, kafin mu kira ɗan wani ɓarawo, mu fara ɗaga kujera.