Ranar da Na Ƙona Lasifikar Baba

Wata Asabar ce cikin watan Yuli, shekarar da na gama aji biyar, zafi ya sauka a Lanham, garin da muke zaune a ƙasar waje, kamar ana hura wuta. Baba ya kai motarsa gyara, Mama tana ɗan lambunta tana ba yakuwa da kuɓewa ruwa, maƙwabcinmu yana ta fama da injin yankan ciyawa, ni kuwa aka aike ni ɗakin ƙasa, wanda ke ƙarƙashin gidanmu, in kwaso wanki. A can kayan sautin Baba suke, amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, mai nauyin tsiya da lasifika biyu da suka kusa kai ni tsawo. Injiniya ne, kuma kowa a gidan ya san dokarsa: "A kalla da ido, ban da hannu."

Abin da ya fi ji da shi wani faifai ne da ya naɗo da kansa a gonar gayya a ƙauyensu. Farkonsa mahaifiyarsa ce, wadda na ci sunanta, take rera waƙa ƙasa-ƙasa tana dama wa manoma fura, can sai gangar noma ta faɗo. Kaka ta rasu ina goye, ban san ta ba. Ranar sai na ji ina so in saurare ta ni kaɗai.

Na sa faifan, ban ji komai ba. Na murɗa maɓallin ƙara, shiru. Na murɗe shi har ƙarshe. Na fara tsinkayo wata siririyar murya ke nan sai gangar ta fashe kamar aradu. Taga ta girgiza, lasifikar hagu ta yi wani irin tari, ƙauri ya tashi. Na fizge wayar daga bango, na kwashi wankin na haye sama. Ƙarar injin maƙwabci ta hana Mama ji.

Kwana shida na yi cikin zullumi. Tsallen igiya da 'yan layinmu ya fita raina, a Islamiyya na kasa kawo haddata. Baba yakan dawo daga aiki a jirgin ƙasa a gajiye, duk sanda ya doshi ƙofar ɗakin ƙasa sai in sulale in ɓuya. Na san ranar Juma'a bayan la'asar yake sauka can ya saurari faifansa.

Da Juma'ar ta zo, Baba ya sauka ya sa faifan, ni kuwa na laɓe a kan matakala. Muryar Kaka ta fito tana karkarwa kamar an rufe ƙuda a gwangwani. Ya kashe. Sai ya ɗaga murya ya kira ni.

"Uwata, sauko."

Kafin ya tambaya na faɗi komai ina kuka. Ya duba lasifikar, ya dube ni, ya ce, "To kin ji ta kuwa?"

Na ce, "Kaɗan, Baba."

Ya ce, "Haka ta yi waƙar, a hankali, haka kuma gangar ta yi ƙara. Dole na'ura ta ɗauki duka biyun. Ke kin ƙarar mata da ƙarfi a kan raɗa, da gangar ta iso ba sauran wuri."

Sai ya cire lasifikar hagun, ya kashe na'urar sanyaya ɗaki, ya rufe ƙofa, ya zaunar da ni gaban ta daman. Muka yi tsit, gumi yana zubo mana. A hankali Kaka ta fito, har da ƙarar ludayi a ƙwarya da 'yar dariyarta a tsakiyar baiti. Baba ya kawar da kai. Horon da na sha shi ne wata guda ba talabijin, kuma ni na riƙe masa fitila ranar da ya sauya abin da ya ƙone.

Yanzu ina zaune a garin Woodbridge da nawa 'ya'yan. Waƙoƙin da suke ji duk an matse su, ƙara ɗaya daga farko har ƙarshe, don su jiyu a mota da kanti. Baba ya koma gida ƙasarmu, kunnensa ya yi nauyi. Na kwafi faifan a wayata, amma in na kunna a hanyar aiki, gurnanin tayoyi yakan haɗiye Kaka, ganga kawai ke isowa. Har yau ban sami ɗakin da ya kai wancan shiru ba.