Goyon da Inna ta hana kanta

Duk yaran gidanmu na Tafoki a bayan Inna suka girma, har da na maƙwabta. Mace ce da ba ta iya ganin jariri a ƙasa ta wuce. Shi ya sa da na haifi 'yata ta fari na tafi wankan gida, na ɗauka sai na yi da gaske kafin ta bar mini ita in ba ta nono. Sai ga Inna ta leƙa fuskar jaririyar daga nesa, ta sa albarka, ta juya. Kwana arba'in na yi a gidan ba ta taɓa ta ba. Ƙanwar Baba ce ta yi mana wanka.

Ni ce 'yar farin Inna, ko sunana ba ta faɗa, sai dai "ke 'yar nan". Na ce wa kaina kunyar ɗan fari ce ta shafi jika, amma zuciyata ba ta yarda ba. Na koma ɗakina a Ƙanƙara da fushi, ni kuwa fushina ba ya saurin sauka. Na rage zuwa. In na zo ma sai in tarar ta ware butarta da bokitinta da kwanonta, tana cin tuwo a tsaye, ba ta hawa tabarmar kowa. Na ce tsufa ne ya zo mata da gardama. Allah Ya yafe mini.

Sai da yarinyar ta shekara uku autarmu ta kawo mini ziyara, ta ja ni ɗaki.

"Yaya, Inna fa ba ta da lafiya. Ƙaiƙayi ne a gabanta, wurin ya yi fari fat, fatar har tsagewa take. Ta ce in na faɗi ba ta yafe ba."

Ashe da farko sanyi ta ɗauka, yadda mu mata ke kiran kowane ciwon wurin. Ta yi ta zama cikin ruwan zafi da bagaruwa, tana dirzawa da sabulu, ana sayo mata ƙwayoyi ranar kasuwar 'Yankara. Da farin ya ƙi tafiya, ita kaɗai ta yanke wa kanta hukunci cewa kuturta ce.

Da ƙyar ta yarda muka je asibiti, sai da na rantse mata likitar mace ce. Na tafi da 'yata don ba mai riƙe mini ita. Likitar ta duba, ta faɗi wani suna na Turanci da ban riƙe ba. Ta ce garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta far wa fatar wurin, kuma ya fi kama matan da al'ada ta ɗauke musu. Ba ƙazanta ke kawo shi ba. Ta rubuta man shafawa mai ƙarfi, ta hana sabulu da ruwan zafi a wurin, ta ce a riƙa dawowa ana dubawa, don in an bar shi yakan rikiɗe ya zama wani abu.

Inna ta ɗago kai.

"Likita, ana ɗauka?"

"Ba a ɗauka, Hajiya."

"Ko jinjiri?"

"Ko jinjiri."

Maganin ya karɓe ta. Kafin wata biyu ta koma zama a tabarma da mutane. Damina ta gaba zazzaɓi ya ɗauke ta, ina da cikin na biyu. Ina kewarta ƙwarai, kuma kullum na tuna ta, ranar asibitin nan ce ke fara zuwa mini.

Muna fitowa ta tsaya a inuwar wata bishiyar bedi. Ta cire mayafinta, ta cije leɓe ta durƙusa duk da zafin da take ji, ta juya wa yarinyar baya.

"Taho, ƙawata. Hau."

Yarinyar ta kalle ta, ta ruga ta ɓuya a bayana, ta ƙanƙame zanena. Na kama hannunta zan ja ta da ƙarfi.

"Ƙyale ta, 'yar nan," in ji Inna, tana durƙushe har lokacin. "Ai ba ta san ni ba."