Kalmomi Goma na Baba

Watan nan Baba ya cika shekara tara da rasuwa, kuma sai yau na iya buɗe baki in faɗi abin da na yi masa.

Yana cikin 'yan farkon da suka koyar da ilimin halayyar ɗan Adam a jami'a a Arewa, zamanin da dangi ke ce masa likitan mahaukata, shi ko sai dai ya yi dariya. Aikinsa auna ƙwaƙwalwa ne: ya karanta wa mutum kalmomi, ya dakata, ya ƙirga nawa ya riƙe. Da yana raye ya ga jikokinsa yau, ko lambar wayata ba su haddace ba, na san kujera zai ja ya gwada su, suna ce masa "halas ya jiddi", wato "ya isa haka, Kaka" da Larabci, yana rubutawa.

Da Umma ta rasu na ɗauko shi zuwa nan Jidda inda nake aikin jinya, na yi masa iƙama, wato takardar izinin zama. A gidanmu na unguwar Aziziyya ya fara kiran 'yata da sunan Umma, kuma shi ya riga kowa gane cewa mantuwa ce ta fara kama shi. Ya sayo littafi, ya ce kowace Juma'a bayan la'asar in karanta masa kalmomi goma, in rubuta nawa ya kawo.

"Hadiza, ranar da na kasa kawo biyar, ki mayar da ni Zariya tun ina gane ƙofar gidana."

Ranar ta zo. Huɗu ya kawo, na rubuta bakwai. Wa zai duba min shi a can? Haka na riƙa ce wa kaina, amma gaskiyar ita ce ba na son in rabu da shi. Son zuciya ɓacin zuciya. Na yi ta ƙari Juma'a bayan Juma'a, har ya kai ko ni bai gane ba, balle Zariya. A nan aka binne shi. Masu gaisuwa suka yi ta cewa ya dace, kusa da Makka, ina amsawa kaina a ƙasa.

Tsofaffin ɗalibansa har gobe suna kirana, suna cewa shi ya koya musu kada su taɓa sauya sakamakon bincike ko da bai yi musu daɗi ba. Wallahi kunya ke rufe ni.

Bara na yi ƙarfin hali na buɗe littafin. A gefen bakwai ɗin nan da na rubuta a ranar, ya rubuta huɗu da fensir, da ɗan ƙaramin rubutunsa. A ƙasa ya ƙara layi ɗaya: "Hadiza ba ta shirya ba. A jira ta."