Kwamfutar da Marigayi Lombe Ya Daskarar

Duk wanda ya san Jesinta Katongo a garin Luanshya ya san ta da saurin hannu da kuma riƙe baki. Bana Kangwa ake ce mata, wato uwar Kangwa. A kwatas ɗin ma'aikatan haƙar jan ƙarfe aka haife ta, can ta koyi bugun tafireta, ta kuma yi shekaru tana buga takardu a ofishin kamfani har zuwa lokacin da aka sallami ma'aikata rututu. Da ɗan abin sallamar ne ita da mijinta Lombe suka kama shago a bayan kasuwa, suka sa kwamfuta ɗaya da injin buga takarda.

Aikin ba wani mai ƙayatarwa ba ne. Mutum ya zo ya zauna kan benci, ya faɗi abin da ke cinsa, ita kuma ta buga. Mai neman aiki, mai kai ƙara kotu, tsohuwar da ke son a aika wa ɗanta saƙo a Johannesburg cewa rufin ɗaki na yoyo, duk ta hannunta suke bi. Rabin sirrin garin nan a kunnenta yake, amma ko mijinta bai taɓa jin wata magana ta fito daga bakinta ba. Lombe ya sha yi mata tsiya cewa ya auri akwatin ƙarfe. Ba ta da kyau na a zo a gani, ba ta da dukiya. Sunan nan na mai riƙe sirri shi ne duk abin da ta tara.

Masu shagon kwamfuta a garin suna da wata al'ada da suke kira daskarewa. Sai ka gyara kwamfutarka tsaf, sannan ka sa mata wata manhaja ka kulle da kalmar sirri. Daga ranar, duk ɓarnar da kwastoma zai yi, da an kashe an kunna, kwamfuta ta koma daidai yadda take ranar da aka kulle ta. Ga mai shago wannan hutu ne, musamman a garin da ake ɗauke wuta ba sallama. Lombe ne ya daskarar da tasu, shi kaɗai ya san kalmar, kuma da ita ya tafi lokacin da motar haya ta kife da su a hanyar Ndola.

Bayan jana'iza dangin miji suka zauna rabon kaya kamar yadda aka saba. Ƙaninsa Chipasha, wanda bai taɓa riƙe aiki ya kai damina biyu ba, ya ɗauki kwat da takalma da wayar marigayi. Da ya miƙa hannu wajen kwamfuta, Jesinta ta ɗaure zanenta a ƙugu ta tsaya a bakin shago, ta ce sai dai a haɗa da gawarta. Dattawa suka ga idonta, suka ce a bar mata.

To tun daga nan kwamfutar ta zama mata abin da ya wuce kayan aiki. Kullum da safe in ta kunna, ranar Lombe ce take dawowa: hotonsu a bakin coci yana riƙe da Kangwa, waƙoƙin yabo da ya jera a gefe, har da wata takardar neman fili da ya fara bai gama ba. Takan gaishe shi a zuci kafin ta buɗe ƙofa.

Sai dai akwai wani abu da shi ma yake dawowa kullum. A cikin kwamfutar akwai manhajar da ke gadinta daga 'yan leƙen asiri, waɗannan ƙananan shaiɗanun da ke laɓewa a ciki suna kwashe abin da mutum ya rubuta. Mai gadi, haka Jesinta ke kiranta. Da an jona intanet, mai gadi zai ce bayanansa sun tsufa, yana son sababbi don ya gane ɓarayin zamani. Sai ya hau jan data kamar rijiya ce a bayan gida. Wata rana wuta ta ɗauke a tsakiya ya ce ya kasa. Wata rana ya gama, ya yi ja, ya ce ya kama wani abu ya cire, a kashe a kunna. In ta kashe ta kunna, sai ga shi kamar ba a taɓa yi ba, yana neman sababbin bayanan da ya gama sha yanzu-yanzu. Ta zage shi da yarensu na Bemba, ta zage shi da Turancin ofis, a ƙarshe ta koyi danna shi gefe ta ci gaba da aikinta.

Ta taɓa kiran Ba Sikazwe, wato Malam Sikazwe a yarensu, wani dattijo da ya yi aikin lantarki a kamfani, yanzu yake gyaran kwamfuta a ƙarƙashin wata rumfa kusa da tasha. Ya duba bai daɗe ba ya ce matsalar daskarewar nan ce. Mai gadi yana koyo da rana, in an kashe a goge masa duk abin da ya koya. Tunda babu kalmar sirri, sai dai a wanke kwamfutar gaba ɗaya a sake zuba komai.

"A wanke?" in ji ta. "Ba Sikazwe, ka ga gwauruwa ka ga wurin ci ko? Mai ita ya bar ta lafiya lau."

"Bana Kangwa, mai gadin da kullum yake wayar gari bai san kowa ba, ai ba mai gadi ba ne. Kuma wannan abin da yake cewa ya kama, ni hankalina bai kwanta da shi ba."

Ta nuna masa ƙofa. Ya ɗauki jakarsa ya fita yana cewa Allah ya ba da haƙuri.

Ba a jima ba magana ta fara yawo. Wani direba ya ji abokansa a mashaya suna yi masa dariya kan takardar neman afuwa da ya rubuta wa maigidansa. Wata mai sayar da kifi ta ji sunan ciwonta a bakin maƙwabciya. Kowa ya lissafa inda ya faɗi maganarsa, lissafi ya faɗa kan benci ɗaya. Mutanen nan da ta rufa wa asiri shekara da shekaru, ba wanda ya tako ya tambaye ta. Sun dai rage zuwa, suna gaishe ta daga nesa, suna cewa tun da mijin ya mutu kaɗaici ya kwance mata baki. Abin takaici, har da waɗanda ta buga wa takarda kyauta ranar da ba su da ko kuɗin nshima, tuwon masarar da suke ci.

Na Namwinga ne ya fi muni. Malamar firamare ce, suna ƙungiyar matan coci tare, mijinta kuma mai saurin hannu ne ta mummunar hanya. Ta zo a ɓoye, Jesinta ta rufe ƙofa ta buga mata takardar neman kotu ta raba auren. Takardar ba ta kai kotu ba mijin ya ji labarinta, har da kalmomin da ke ciki. Namwinga ta kwana biyu a asibiti. Da aka sallame ta, ta zo shagon da kumburarren ido, ba ta zauna ba.

"Ke kaɗai na faɗa wa," ta ce. "Ko uwata ban faɗa wa ba."

Jesinta ta rantse da Allah, ta rantse da ran Kangwa. Namwinga ta dube ta da idon nan ɗaya mai buɗuwa, ta juya ta tafi. A ranar Jesinta ba ta iya cin abinci ba. Zuciyarta tafasa take yi, ga shi ba ta san wa za ta kama ba. Tana zaune sai mai gadi ya sake yin ja a kan allo, yana cewa ya kama wani abu. Wannan karon ba ta danna shi gefe ba. Ta kulle shago ta nufi tasha, ta haɗiye girman kanta a gaban Ba Sikazwe.

Dattijon bai tuna mata da komai ba. Ya zo ya zauna, ya bar mai gadi ya gama shan bayanansa, sannan maimakon ya bari ya cire abin, ya bi sawunsa. Ya daɗe yana dubawa. Da ya ɗago, sai ya cire tabarau ya hau goge shi da bakin riga, abin da ba ya bukatar gogewa.

Ya yi mata bayani a hankali. Akwai ɗan leƙe a ciki, yana rubuta duk harafin da aka danna yana aikawa waje. Tsofaffin bayanan mai gadi ba su san shi ba. Sababbin sun san shi, shi ya sa kullum ake kama shi a cire. Amma da an kashe an kunna, daskarewa ta mayar da mai gadi jahili, ta kuma dawo da ɓarawon mazauninsa. Ma'ana ɓarawon yana ciki tun ranar da aka kulle. Kuma ba daga intanet ya faɗo ba, da hannu aka sa shi, aka ba shi adireshin da zai riƙa aikawa.

"Adireshin wa?"

"Bana Kangwa, ki zauna tukuna."

"A zaune nake. Adireshin wa?"

Ya juyo mata da allon. Imel ɗin Lombe ne, wanda ita da kanta ta taya shi buɗewa, wanda saƙonninsa ke shiga wayar nan da Chipasha ya gada.

Ba ta yi kuka ba. Abubuwa ne suka riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Yadda Lombe ya taɓa tambayarta, yana dariya, wane ne wani Ba Phiri da take yawan rubuta sunansa, alhali kwastoma ne mai rigimar gado. Yadda yakan yi shiru da waya a hannu, in ta matso ya kife ta. Ashe akwatin ƙarfen da yake tsokana, ya gaji da jira ya huda shi ta ƙasa. Matar da ba ta taɓa ɗaga ido ta kalli wani namiji ba, ita ya sa wa ɗan leƙe, sannan ya kulle da kalmar da ya hana ta. Ita kuwa sakarya, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce a haɗa da gawarta, ta kori mai gyara, tana gaida hoton kowace safiya, tana gadin ɓarawon da hannunta.

Ta sami Chipasha a mashaya da rana tsaka, sanye da kwat ɗin marigayi. Bai ma yi musu sosai ba. Ya ce saƙonni ne ke shigowa da kansu, shi kuwa mutum ne mai son hira, me ya yi? Ta karɓi wayar ta tsoma a bokitin wanke kofuna, ta riƙe ta a ciki har allon ya mutu, tana faɗa masa abin da shi da zuri'arsa suke. Ba wanda ya tashi ya raba.

Da ta dawo, Ba Sikazwe ya ce zai iya kwashe mata hoton da waƙoƙin kafin ya wanke. Ta ce ya yanko mata Kangwa daga hoton, sauran ya tafi da ruwa. Kafin la'asar an gama. Mai gadi ya sha bayanansa sau ɗaya, aka kashe aka kunna, ya yi kore ya yi shiru. Dattijon ya nuna mata yadda za ta riƙa narkar da kwamfutar lokaci-lokaci, wato ta buɗe daskarewar, ta bar mai gadi ya koya, ya kuma sa ta zaɓi kalmar sirri da kanta, ya juya baya tana bugawa. Yana haɗa jaka ya ce shi bakinsa a rufe yake, tana iya cewa ƙwayar cuta ce daga intanet, a bar mamaci ya huta.

Ta yi tunanin hakan har zuwa ranar taron matan coci. In ta ce daga intanet ne, wasu za su yarda wasu su taɓe baki, Lombe kuma ya ci gaba da zama mutumin kirki mai jan waƙa a coci. In ta faɗi gaskiya, gari zai san mijinta bai yarda da ita ba, Kangwa kuma zai ji a makaranta. Sai ta hango Namwinga a bencin baya, idon ya saɓe amma shatin yana nan.

Ta miƙe ba tare da an ba ta dama ba. Matar da ta shekara ashirin tana haɗiye maganar mutane ta buɗe baki ta faɗi sirri na farko a rayuwarta, kuma nata ne. Ta faɗi wanda ya sa ɗan leƙen, da dalilinsa, da wanda ya gaji wayar, da yadda ita ta hana a gyara. Ba ta tsallake komai ba. Wata dattijuwa ta ce ba a tona asirin mamaci. Jesinta ta ce shi ya fara tona na masu rai.

Washegari ta kunna kwamfuta, babu wanda ya dube ta daga allon sai Kangwa. Benci ya daɗe babu kowa. Can wajen hantsi Namwinga ta shigo, ta ja ƙofa ta rufe da kanta, ta zauna.

"Takardar nan," ta ce, "a sake bugawa."

Jesinta ta jawo kujera, ta ɗora yatsunta, ta ce ta faɗa daga farko.