Roseline da Gwanar Sin

Roseline 'yar Langtang ce, a makarantar kwana a Jos ta koyi darar ces, kuma kafin ta cika sha biyar babu malamin da ke yarda ya zauna gabanta. A shekarar ne aka kai ta gasar matasa a ƙasar waje, ta haɗu da wata 'yar Sin mai suna Luo Meifen, ta cinye ta da doki ɗaya da sojoji biyu. Luo har kuka ta yi.

Da shekara ta zagayo sai wani jami'i ya goge sunan Roseline daga jerin masu tafiya, ya sa na 'yar ƙanwarsa. Ta je ofishinsa sau huɗu. A na huɗun ya ce mata, "Ke, je ki yi karatu, wasa ba abinci ba ne." Ta fito a fusace, ta bar wasan.

Ta karanta aikin jinya, ta auri Nanven, suka bar ƙasa, suka zo garin Greensboro. Shekara goma sha uku tana kula da tsofaffi a wani gida kusa da titin Gate City Boulevard. Ita kuwa Luo hawa kawai take yi: ta ci gasar ƙasarta, ta zama giranmasta, wato ƙololuwar daraja a wasan. Roseline ba ta bar wasanta ko ɗaya bai wuce ta idonta a waya ba.

"Dubi wannan shirme!" in ji ta a kicin. "Ta ba da sarauniya a banza, kuma wai ita ce gwana!"

"Maman Confidence, me matar nan ta yi miki?" Nanven ya tambaya.

"Ba ta yi mini komai ba. Shi ya fi ba ni haushi."

Bara sai ga sanarwa: Luo za ta zo garin ta kara da mutum talatin a lokaci guda. Roseline ta je da rigar aiki. Mai rajista ya dube ta ya nuna mata kujerun 'yan kallo. Ta buga tebur ta ce wasa ta zo yi. Da ƙyar aka ba ta allo na ƙarshe, bakin ƙofa.

Ɗaya bayan ɗaya mutane suka faɗi, har ya rage ita kaɗai. Luo ta daina zagaye, ta jawo kujera ta zauna. Sun kai kusan awa kafin sarkin Roseline ya rasa wurin gudu.

Suna gaisawa Roseline ta faɗa mata gari da shekarar da suka taɓa haɗuwa. Luo ta girgiza kai, ba ta tuna ba. "Amma me ya sa kika daina?" ta ce.

Sai a mota Roseline ta ba da amsar, ga Nanven, da ƙarfi, tun daga filin ajiye motoci har unguwarsu ta McLeansville, tana dukan sitiyari.

Wata uku bayan haka ta shiga gasar jiha, ta zo ta tara cikin mutum arba'in. Nanven ya ce ai ta yi ƙoƙari.

"Ƙoƙarin me? Ta tara fa!" Ta ture kwanon tuwo gefe. "Zauna nan, Baban Confidence, ka riƙe baƙaƙen 'ya'yan dara, in nuna maka inda na yi wauta."