Sista Esther da ta Tashi Babaji Daga Katifa

Kullum da sassafe, kafin masu ƙosai su hura wuta, Sista Esther takan fito daga gidanta na Ƙofar Kaura da abin awon jini a jaka. Ba asibiti take fara nufa ba. Gidajen waɗanda aka yi wa aikin buɗe jijiyar zuciya take bi, ta fito da su tattaki. Shekararta talatin da biyar tana aikin jinya, ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Mu an raine mu a kan cewa mai ciwon zuciya kwanciya ce maganinsa, kuma ban taɓa jin wanda ya tambayi dalili ba. Da ƙanena Malam Babaji, tela a Ƙofar Durɓi, ya dawo daga Abuja an zura masa 'yar balan-balan an buɗe jijiyar da ta toshe, sai aka shimfiɗa masa katifa a falo. 'Yan dubiya suka yi ta sallama da kwanonin farfesun kayan ciki da soyayyen nama. Masallacin ƙofar gida ma aka hana shi zuwa, har sati shida.

Sista ta shigo, ta gaisa da kowa har ta tambayi jikoki, ta buɗe kwano ɗaya ta rufe.

"Malam, mutanen nan suna sonka. Amma in ka biye musu, jijiyar nan sake rufewa za ta yi."

"Haba Sista! Ba an buɗe ta ba?"

"Da ƙarfi aka buɗe, an bar rauni a ciki. Yanzu take warkewa."

Ta ɗauki buta ta zuba ruwa a kwatar tsakar gida. Inda jini ke gudu sumul, in ji ta, bangon jijiya yakan warke ya bar hanya. Inda ya yi sanyi yana juyi wuri ɗaya, sai bangon ya yi ta kauri yana matsewa. Sannan akwai wani abu mai kama da tsatsa da jiki ke yi wa kansa. Hayaƙin taba da hawan sukari suna ƙara shi, shi kuma yana ingiza kaurin.

Na ce, "To wanne ke fara jawo wani, tsatsar ko sanyin gudun?"

"Hajiya, wannan masu bincike ma suna kai. Iyakar abin da na sani na faɗa."

Ranar na yarda da ita.

Da Sista ta ce ya tashi su fita tattaki, matarsa Lailatu ce ta tare ƙofa. "A ce mun gaji da jinya mun kora shi titi?"

Sista ta ce, "Ɗauko mayafinki ki rako shi, a ga ke kika fito da shi."

Da izinin likita suka fara da masallaci, sannan bakin titi, magani kuma ba fashi. Bayan wata tara aka sake awo, jini na wucewa yadda ake so. Babaji ya koma kan keken ɗinkinsa.

Ke ce, Sista, kika shiga gidajen da ba naki ba, kika sauya al'adar jinya ba tare da kin kunyata matar gida ba. Mai takalmin roba, mun gode. Allah ya ba ki hutu mai albarka, ko da yake ke ba ki yarda da yawan hutu ba.

Ku kuma masu zuwa dubiya, ku bar farfesun a gida. Ku tambayi abin da likita ya ce, in ya yarda, ku miƙa wa majinyaci takalminsa.