Kawu Ilu da Laftof ɗin da Ya Hana Gudu

Duk ku da kuke cewa an cuci Kawu Ilu a Kano, an sayar masa da laftof jabu, ku daina haka nan. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana buɗe bakin shanu a karar Wudil kafin ya kafa shagon taifin, wa zai cuce shi? Kwamfutar lafiyarta ƙalau, shi ne ya yi mata dabaibayi. Ni Hafsa tun da na gama sakandare nake zaune a shagon nan, kuma da wannan zancen jabun aka so rufe shi bayan rasuwarsa, ni kuma in koma gida ina ƙirga ƙudaje. Don haka ku saurara.

Kun tuna yadda yake buɗe shago? Sai ya kakkaɓe filo, filo na gaske mai auduga da ya sa aka ɗinko masa a Lajawa, ya ɗora kwamfutar a kai, ya yi bisimilla, sannan ya danna. Hajiya yake kiranta. To ramukan shan iskarta a ƙasa suke, filon ya toshe su ruf. Da ta ɗau zafi fankar ciki ta fara ƙugi, sai ya ɗaga hannu.

"Hafsatu, tsaya! Hajiya na haki."

"Kawu, mutane na jira fa!"

"Su jira. Su suka saye ta?"

Sai ya ɗauko tawul ya lulluɓe ta, wai ta yi gumi, kada iska ta buge ta. Wallahi wani lokacin sai in fita waje in ciji yatsa in dawo.

Ga kuma maganar caja. Babbar cajarta ta asali tana cikin ledarta a saman durowa, ko sau ɗaya ba a jona ta ba. Wata 'yar mitsitsiya ya sayo a kasuwar Juma'a, wadda da ƙyar take riƙe batir, balle ta ba ta ƙarfin gudu.

"Kawu, ina cajarta ta gaske?"

"Tana hutawa."

"Hutun me? Noma ta yi?"

"Ke yarinya ce. In wannan ta mutu, ina za mu koma? Manomin kirki ba ya cin iri."

Ranar da ba zan manta ba ita ce ranar da Rifkatu ta zo. 'Yar Gombe ce, tana karatun kwamfuta a jami'a, ta kawo aikinta a gyara mata a buga. Jira ya ishe ta, ta ce, "Baba, don Allah in duba?" Ta buɗe wani wuri da ke nuna gudun firosesa, wato ƙwaƙwalwar injin. Ta dubi kwalin da aka sayo kwamfutar a ciki, ta dubi allon.

"Baba, a nan an ce in aiki ya yi nauyi tana hawa har giga huɗu da ɗoriya. Ga ta ko ɗaya da rabi ba ta kai ba."

Ta ƙara tonawa cikin saitin wuta, sai ta riƙe baki. "Kai! Wa ya ƙayyade mata rabin ƙarfinta?"

"Ni na sa aka sa," in ji Kawu, yana ɓare goro.

"Baba, don me?"

"'Yata, motar da ta kawo ki daga Gombe, nawa aka rubuta a ƙarshen agogonta?"

"Ɗari biyu da wani abu."

"Direban ya kai can?"

"A'a, Baba."

"To shi ya sa kika iso."

Rifkatu ta yi dariya har ta dafa bango. Ta dai gyara saitin, ya yi mata godiya, ya cika mata leda da gyaɗa, ya raka ta har bakin titi. Yana dawowa ya ce, "Hafsatu, mayar mata yadda take. Yarinyar kirki ce, amma ba ta taɓa kiwo ba."

Bayan an share makoki, Yaya Sani, babban ɗansa, ya zo da shawara: a sayar da kunkurun nan, wato kwamfutar, a ba mai shayi shagon. Na ce, "Yaya, ja kujera ka zauna. In ba ta yi gudu yau ba, ni da kaina zan kira mai shayin."

Na cire filon, na ɗora ta a kan 'yan katakai biyu iska ta samu hanya. Na hau kujera na sauko da cajar, na yage ledar, na jona ta. Na mayar da saitin cikakke, na ɗora mata haɗa bidiyon wani biki da a da sai in ci abinci in yi sallah ba ta gama ba. Lambar gudun firosesa ta tashi. Biyu. Uku. Ta haura huɗu!

Yaya Sani ya miƙe tsaye. "La'ilaha illallahu! Ashe Baba ne birkin!"

Muka yi ta dariya har hawaye, daga nan kuma hawayen ya zama na gaske. Da ya share fuska ya ce, "Riƙe makullin, Hafsa."

Ba wai komai ya daidaita ba. In aikin ya daɗe sai ta sauko wajen uku. Na kira Rifkatu, ta ce man da ake shafa wa firosesa don ya sanyaya ne ya bushe saboda zafin da ta sha, sai an buɗe an sake.

Ni dai na san mutumin da yake tausayin ƙarfe bai taɓa ɗaga mini murya ba, duk rashin kunyata. Allah Ya jiƙan Kawu Ilu, Ya tausaya masa fiye da yadda ya tausaya wa duk abin da ya shigo hannunsa, Ya sanyaya makwancinsa. Amin.

Ranar Asabar zan tafi wurin Rifkatu da sukundireba. Ba ita za ta buɗe ba, ni zan buɗe tana kallo. In na iya, zan sa a ƙara "Gyaran Kwamfuta" a allon shago, ƙarƙashin sunansa.